Mutumin da Ya Toshe Indararonsa

Akwai wani mutum, manomi, wanda yake zaune a gidan da mahaifinsa ya bari. Shi da ƙanensa Nomau ne suka gaji gidan, suka ja katanga a tsakiya, kowa ya zauna a gefensa da iyalinsa. Katangar ba ta faɗa ba ce. Gajeruwa ce, har matan kan miƙa wa juna gishiri ko garwashi ta samanta.

A gefen mutumin akwai soron ƙasa guda wanda mahaifinsu ya gina tun gidan yana haɗe. A cikinsa aka kawo masa matarsa Tabita, a cikinsa suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, wadda ta yi aure a gari mai nisa. Tabita ce ta yi daɓen ɗakin da hannunta, ita ce ta jera ƙoranta da fayafayanta a kusurwar da ke kusa da gado. Mutumin ba shi da dukiyar da ta kai wannan ɗaki a zuciyarsa.

Ku da kuka tashi a ƙarƙashin rufin kwano, bari in gaya muku yadda rufin ƙasa yake, don na san waɗansunku ko tsani ba su taɓa takawa ba. Ana jera azara, wato itacen giginya, a shimfiɗa zana a kai, a zuba ƙasa, a yaɓe. In ka duba sai ka ce rufin a miƙe yake sumul, amma magini yakan ɗan karkata shi zuwa kusurwa ɗaya, a can ya sa indararo domin ruwa ya bi ya sauka. Komai ƙarfin ruwan sama, in dai ya sami hanya ya wuce, rufin ƙasa ba ya damuwa. Ruwan da ya kwanta shi ne yake cin rufi, ko da kaɗan ne.

To, da aka ja katanga, sai bayan soron nan ya faɗa a gefen Nomau, indararon kuma yana zuba a tsakar gidansa. Ba wanda ya taɓa ganin wannan a matsayin matsala. Rifkatu, matar Nomau, ta ajiye babbar randa a ƙarƙashinsa. In hadari ya haɗo, Tabita takan leƙa ta 'yar tagar da ke bangon baya ta ce, "Rifkatu, buɗe randarki, ga shi nan zuwa." In an fara ruwa kuwa, sai ta zauna a bakin gado tana sauraron yadda yake zuba a randar, ta ce wa mijinta ita wannan ƙara tana sa ta barci.

Ana nan, wata shekara da kaka, Tabita ta kwanta rashin lafiya. Nomau ne yake da amalanken shanu, a ranar kuwa ya riga ya loda dawa zai kai kasuwa. Mutumin ya ce masa, "Nomau, jikin nan nata bai yi mini ba. Ka dawo da wuri mu kai ta asibiti."

Nomau ya ce, "Kafin rana ta karkata ina gida, Yaya."

Amma da ya je ya tarar kasuwa ta yi kyau, abokai suka riƙe shi, ya ce a ransa ai zazzaɓi ne kawai, ya kwana a can. Da ya dawo kashegari aka ɗora Tabita a amalanken. Ba su kai asibiti ba, a hanya ta cika, kanta a kan cinyar mijinta.

Bayan an binne ta, Nomau ya zo ya durƙusa a gaban wansa yana kuka, ya ce, "Yaya, na yi kuskure. Ka yafe mini."

Mutumin ya dubi ƙasa ya ce, "Ba komai. Kwananta ne ya ƙare."

Kun san irin wannan "ba komai". Ni dai na sha jinsa a bakin ƙofar majami'a, kuma duk lokacin da na ji shi gabana yakan faɗi. Nomau ya tashi ya tafi yana tsammani magana ta wuce.

Duk ranin nan mutumin bai ɗaga murya ga kowa ba. In Rifkatu ta miƙo tuwo ta saman katanga, sai ya ce ya ƙoshi. In yaran Nomau sun shigo gaishe shi, sai ya amsa a taƙaice har su gaji su fita. Ya koyi dafa wa kansa, yana ci shi kaɗai a bakin ƙofar ɗaki, yana duban inda Tabita takan zauna. Al'adar gidan ce kowace bazara 'yan'uwan biyu su kwaɓa ƙasa tare, su yaɓe rufin wannan, su yaɓe na wancan kafin ruwa ya sauka. A shekarar nan da Nomau ya zo da maganar, sai ya tarar wansa ya riga ya yaɓe nasa shi kaɗai.

Sai ruwan farko ya sauka. Mutumin yana zaune a bakin gado ya ji ruwa yana zuba a randa, daidai yadda yake zuba a da. Ya ji yaran Nomau suna tsalle a cikin ruwa, ya ji Rifkatu tana dariya tana korarsu. Ya juya ya dubi gefensa, ba kowa. Sai ya ce, "Ita tana cikin ƙasa, su kuwa suna shan ruwan rufinta suna dariya. Ko ɗigo ɗaya ba zai ƙara sauka a gidan nan ba."

Da gari ya waye ya jingina tsani ya hau. Ya nemi tsumman da zai cusa bai samu ba, sai hannunsa ya kai ga wani tsohon zanen Tabita, ya duƙunƙune shi, ya tura a bakin indararon, ya bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya liƙe tam. Shi ba wawa ba ne, ya san ruwa yana bukatar mafita. Don haka ya koma ɗaya gefen rufin, wanda yake duban hanya, ya fara huda wata kafa.

Yana cikin hudawa sai wani tsohon magini ya zo wucewa yana dogara sanda. Ya tsaya ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Sabuwar hanyar ruwa nake buɗewa, Baba."

Tsohon ya ce, "Ni na taya mahaifinka zuba rufin nan. Can muka karkata shi, wajen ƙanenka. Nan da kake huda tudu ne. Ruwa ba zai hau tudu don ranka ya ɓaci ba."

Mutumin ya ce, "Rufina ne, Baba."

Tsohon ya ce, "Naka ne kam. Kai ne kuma mai kwana a ƙarƙashinsa." Ya ja sandarsa ya wuce.

Da ruwa na gaba ya zo, sai ya zama kamar yadda tsohon ya faɗa. Ruwan bai ko dubi sabuwar kafar ba. Ya gangara inda ya saba, ya tarar a rufe, ya taru ya kwanta. Kusurwar da ya kwanta kuwa ita ce daidai saman gado da jeren Tabita. Da aka ɗauke ruwan mutumin ya hau ya gani. Da ya sa yatsa ya ture ƙasar nan da magana ta ƙare a ranar. Maimakon haka ya sauka ya ɗauko ƙwarya, ya hau, ya riƙa kamfatar ruwan yana tsallaka rufin yana watsawa a hanya.

Haka ya yi ta yi duk daminar. Kowane ruwa aka yi, sai ya hau da ƙwaryarsa. Yana gona, da ya hango hadari sai ya jefar da fartanya ya nufo gida, har ciyawa ta cinye masa gero. Ya daina zuwa kasuwa. Ya daina zuwa sujada, don wata Lahadi ruwa ya tare shi a can ya dawo ya tarar rufin ya cika. Masu wucewa sukan ga dattijo shi kaɗai a kan soro, wando a naɗe, yana kai da komo da ƙwarya. Da farko sukan tsaya su tambaya, daga baya suka saba, suka daina ɗaga kai.

Abin tausayi shi ne, daga kan rufin nan yana ganin gidajen biyu. In ya dubi nasa gefen, murhu ɗaya ne da tukunya ɗaya da tabarma ɗaya. In ya dubi wancan gefen, ga hayaƙi, ga shanya, ga yara sun kewaye akushi. Kuma a ƙarƙashin busasshen indararon, randar nan tana nan a buɗe, ba a matsar da ita ba.

Wata rana Nomau ya tsaya a tsakar gidansa ya ɗaga kai ya ce, "Sannu da aiki, Yaya. Bari in hau in taya ka."

Ya ce, "Na gode. Na kusa gamawa."

Wata rana kuma yana saman ya ji Rifkatu tana cewa, "Maigida, randar nan fa ta zama ɗakin ƙadangaru. Bari in mai da ita gindin ɗakin girki, can ko ba komai ana samun ruwa."

Nomau ya ce, "Bar ta nan."

Ta ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Ke dai bar ta."

Mutumin ya ji, ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da kamfata.

Amma ƙwarya ba ta kwashe ruwa duka. Kullum akan bar ɗan kaɗan a ƙasa, wannan ɗan kaɗan ɗin kuwa shi yake nutsewa cikin rufi. Ga shi kuma duk hawan da ya yi, ƙafarsa tana taka jiƙaƙƙiyar ƙasa tana lotsa ta, wurin yana ƙara zurfi, ruwan gaba ya fi na baya samun wurin kwanciya. Wato wahalar da yake sha don ya ceci rufin ita ma tana cikin abin da yake ɓata shi. Ciyawa ta tsiro a kusurwar. Gansakuka ta rufe wurin, har sau da yawa santsi ya kusa jefo shi ƙasa. Sauro ya sami wurin haihuwa a saman kansa, da yamma ya sauko masa.

A cikin ɗaki kuma wani baƙin tabo ya fito a jikin azara, yana faɗi a hankali. Ɗakin ya fara warin danshi. Wata safiya ya ɗaga faifan Tabita ya ga fumfuna ta rufe bayansa, ya goge da gefen rigarsa, kwana kaɗan ta dawo. Gara ta ji laima ta hau bango ta shiga itace. Sai ɗiga ta fara. Ya ajiye kwano, ya ja gadon gefe, ya zauna yana jin ɗigon yana faɗawa ɗaya bayan ɗaya. A duk gidan nan ba wata murya sai wannan. Yakan yi kewar matarsa ƙwarai, kuma duk lokacin da kewar ta taso sai ya ɗora ta a kan Nomau.

Da marka ta kankama, zazzaɓin sauro ya kwantar da shi. Ba wanda ya sani, gama ya daɗe da sa wa ƙofar gidansa sakata. Ran nan aka tashi da ruwa tun safe, irin wanda ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai yake yi. Mutumin ya lallaɓa ya ɗauki ƙwarya ya kama tsani. Bai yi nisa ba jiri ya kwashe shi, ya zamo ƙasa. Da rarrafe ya koma ɗaki ya kwanta.

Yana kwance yana duban sama. Ya ga azarar kusurwa ta lanƙwaso, abin da bai taɓa gani ba. Ɗiga ta zama zuba, kwanon ya cika ya tumbatsa a kan daɓen Tabita. Ɓarɓashin ƙasa ya fara faɗo masa a fuska. Sai ya ji itacen ya yi ƙara. Shi manomi ne da ya girma a gidan ƙasa, ya san abin da yake biyo bayan wannan ƙara. Ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafafunsa suka ƙi. A duk duniya mutum ɗaya ne yake kusa da zai ji kiransa, bango ɗaya ne tsakaninsu. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

A wancan gefen kuwa Nomau yana tsaye a bakin rumfa. Duk daminar nan, in ana ruwa yakan ɗaga kai ya ga wansa a sama. Yau ya duba ya sake dubawa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba kowa a kan rufin. Tun ranar da aka toshe indararon ya san hannunsa zai iya kaiwa daga gefensa, amma bai taɓa ba, gama hannun wansa ne ya rufe. Ya fita cikin ruwan, ya je gindin 'yar tagar nan ta bangon baya, ya ɗaga murya.

"Yaya! Kana ciki?"



"Yaya, ni ne Nomau. Rufin nan zai faɗo. Ka bar ni in buɗe."

Mutumin ya ji. Ya dubi azarar, ya dubi ƙoran matarsa da laka ta fara ɓatawa. Ya daɗe yana kokawa da kansa, ruwa yana ta zuba. Sa'an nan ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Buɗe, Nomau."

Nomau ya ɗauko gora ya zungura, amma ƙasar ta daɗe ta ƙanƙame, gorar ba ta yi komai ba. Ya jawo turmi ya kifa kusa da randar, ya hau, ya sa lauje yana ƙwaƙula, fuskarsa daidai bakin indararon. Rifkatu ta fito tana ihu, "Maigida, matsa gefe! A kanka zai zubo!" Amma ba gefen da zai matsa in dai yana so hannunsa ya kai. Ƙasar ta ɓare, ya kama wani abu mai laushi ya ja.

Ruwan ya ɓarke masa a fuska. Ba ruwan sama mai kyau ba ne, ruwan da ya kwana ya sake kwana ne, baƙi, mai ɗoyi, da laka da ruɓaɓɓiyar ciyawa da tsutsotsi. Ya shiga masa ido da hanci, ya gangara cikin rigarsa. Nomau bai sauka ba sai da ya zaro abin da aka cusa gaba ɗaya. Da ya sauko ya warware shi, sai ya gane zanen. Ya tsaya a cikin ruwa riƙe da shi yana kuka.

A cikin ɗaki mutumin ya ji ƙarar da bai ji ba tun ruwan farko. Da fari ruwan da ƙarfi ya fita, daga baya ya daidaita, yana zuba a randa a hankali, irin zubar da Tabita take cewa tana sa ta barci. Ya juya fuskarsa bango ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Nomau ya haura katanga ya goyo wansa ya kawo shi nasa ɗakin. Rufin bai faɗi ba, amma azarar kusurwa ta riga ta tsage, dole da rani aka rushe wannan gefen aka sake. Daɓen da Tabita ta yi ya farfashe, an kasa gyara shi. Fayafayanta sun ruɓe, ƙorai kaɗan aka tsira da su. Abin da ya ce yana karewa, shi da hannunsa ya lalata yawancinsa, kuma ya san haka.

Da ya fara samun sauƙi, Rifkatu ta kawo masa kunu, ta ajiye zanen kusa da shi, a wanke a ninke. Ya sha kunun, bai ce ya ƙoshi ba. Ya daɗe yana shafa zanen, sa'an nan ya ce wa ƙanensa, "Nomau, me ya hana ka ɗauke randar nan? Duk damina tana nan a bushe."

Nomau ya ce, "Da na ɗauke ta, Yaya, da na yarda ke nan ba za ka buɗe ba."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Rufin nan zuciyar mutum ce, ruwan sama kuwa shi ne ɓacin ran da yake sauko wa kowa. Ba wanda yake zaune a nan da ba a taɓa yi masa laifi ba, kuma ban zo in ce muku laifin da aka yi muku ƙarami ne ba. Nomau ya yi laifi na gaske, mace ta mutu a hanya. Allah bai yi mana alkawari ruwa ba zai sauka a kanmu ba. Abin da ya yi shi ne, da ya gina mu ya sa mana indararo, sunansa gafara. Ya kuma karkata mu zuwa wajen ɗan'uwanmu, wato wajen wanda ya yi mana laifin. Wannan ne ba ma so. Mun fi so mu huda wata kafa ta gefen hanya: mu gaya wa maƙwabta, mu gaya wa 'yan zumunta, mu ce a sa mu a addu'a ba tare da mun faɗi suna ba, alhali kowa ya san sunan. Muna ta faɗa, nauyin yana nan. Ruwan ba ta nan aka yi masa hanya ba.

Ku lura da abin da ya cusa a bakin indararon. Ba ƙazamin tsumma ba ne, zanen matarsa ne. Yawancinmu da abu mai daraja muke toshewa. Mukan ce, in na yafe, kamar na manta da mahaifiyata ke nan, kamar abin da aka yi wa ɗana ba komai ba ne. Muna tsammani riƙon nan ƙauna ce ga wanda muka rasa. Amma ku duba kusurwar da ta ruɓe. Ba ɗakin Nomau ne ya yi yoyo ba. Kayan Tabita ne fumfuna ta ci.

Ƙwaryar kuma fa? Ita ce wahalar da mai riƙo yake sha kullum ba wanda ya sa shi. Sai ya lura da hanyar da zai bi don kada su haɗu. Sai ya zaɓi bencin da zai zauna. In an yi biki sai ya tambaya wa da wa za su je. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma shi kaɗai yake yinsa, don ba mai iya taya mutum riƙo. A hankali gona ta tafi, sujada ta tafi, abokai su daina ɗaga kai. Na san mutane a cikin ikkilisiya da suke raira waƙa tare da mu kowace Lahadi, amma a gaskiya suna can saman soro su kaɗai da ƙwarya a hannu. Ina jin tausayinsu ƙwarai, gama ban san kaɗaicin da ya kai wannan ba.

Akwai kuma wanda ya hau turmi. A cikin labarin shi ne mai laifi, ya kuma karɓi ruwan ɗoyi a fuskarsa bai matsa ba. In kai ne Nomau a gidanku, ka ji wannan da kyau. Ranar da ɗan'uwanka zai buɗe, abin da zai fara fitowa ba mai daɗi ba ne. Maganganu ne da suka kwana suka yi tsami. Kada ka matsa gefe, kada ka ce ai na riga na ba da haƙuri. Ka tsaya har su ƙare, mai kyau yana biye. In ka ga abin ya yi maka nauyi, ka tuna da Yesu Almasihu. Shi ba shi da laifi ko ɗaya, duk da haka ya tsaya a ƙarƙashin namu indararon, dukan ƙazantar da muka tara ta zubo a kansa a kan gicciye, bai kuwa sauka ba sai da ya gama. Har yanzu yana tsaye a bakin taga yana kira, amma ba ya fasa abin da hannunka ya liƙe sai ka ce masa ya buɗe.

In kuma kai ne mutumin, ina roƙonka kada ka ce mini ba komai. Na san akwai komai. Mutumin nan ya tsira da ransa domin ya yi magana kafin azara ta karye, amma ko shi bai tsira da daɓen matarsa ba. Ba kowa ne yake samun wannan zarafi ba. Na tsaya a bakin kabarin mutanen da rufi ya faɗa musu suna riƙe da ƙwarya, na ga ɗan'uwa a gefe yana kuka, da gafarar da ya zo nema ba wanda zai ba shi.

Tun da na fara labarin nan akwai sunan da ya zo maka a rai. Ba sai ka gaya mini ba. Wataƙila bango ɗaya ne tsakaninku, wataƙila yana zaune a benci na baya yanzu haka. Mai yiwuwa ne ya daɗe da barin randarsa a ƙarƙashin indararonka, mutanen gidansa suna ce masa ya ɗauke, yana cewa a bar ta. Ba za ta zauna a nan har abada ba, kai ma haka. In an tashi daga nan, kafin ka ci abincin rana, ka je ka same shi.